Ɗan Kwangila a Zaure

Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, sai na naɗa kaina hedimasta. Ba a jima ba aka kulle Kano, har da Kantin Kwari inda nake neman abinci, ga ni a gida ba aikin fari bare na baƙi. Na share zaure, na jingina allo, na rataya tsohon faranti ya zama ƙararrawa, na tsara jadawali: lissafi ƙarfe takwas, Turanci tara, Hausa goma. Ɗalibina ɗaya tal, Auta, ɗan shekara takwas, don karatun yayyensa mata ya fi ƙarfina.

Yaron nan da ya ji ƙarar faranti sai ciwon ciki ya tashi. Fensir ya ɓace, ƙishirwa ta taso. Wata safiya na buga ƙararrawa, sai na tarar ya kabbara sallar walha, wadda ban ma san ya san da ita ba. To, wa zai katse mai salla? Na tsaya da alli a hannu yana ta jero raka'o'i.

Na ɗauko dorina, Hajiya kakarsa ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Duk wanda ya taɓa mini maigida, ni da shi." Na mayar da dorinar inda na ɗauko. Na jawo Magana Jari Ce, ya miƙe ƙafa yana sauraron labaran aku, amma da na miƙa masa littafin sai ya ce, "Baba, ai muryarka ta fi daɗi."

Ƙarshe na koma ga abin da na iya, wato ciniki. Kowane lissafi daidai, naira goma. Nan take ciwon ciki ya warke. Ashirin nake ba shi, ashirin yake kawowa, babu kuskure. Har na fara yi wa uwarsu kurin cewa koyarwa baiwa ce.

Ita ce ta ce in duba bayan littafin lissafinsa. Ashe kwangilar ya sayar wa yayarsa a kan naira biyar. Ga shi nan da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: 20 sau 10, 200, a cire na Yaya 100, riba 100. Har da tara, domin sai ya duba aikinta kafin ya kawo mini, wanda ta kuskure ya gyara, ya zaftare mata kuɗin. Yaron da ya rantse ba a koya musu "sau" ba!

Na tsare shi. Ko gezau. "Baba, atamfar da kake sayarwa a Kwari, kai kake saƙa ta?"

Ina neman amsa sai ya ƙara da cewa Yaya ta gano farashin gaskiya ta shiga yajin aiki, don haka daga gobe sha biyar ne, in ba haka ba in nemi wani ɗalibin.