Gidan Bargo da Darussansa

Gidan bargo gini ne na wucin gadi da yara ke kafawa a tsakar ɗaki, galibi da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da aka fito da barguna daga ƙasan akwati, sanyi kuma ya kori kowa daga dandali. Kayan aikinsa kujeru biyu ne, da bargo ko zanen gado, da filo, da tabarma, sai taɓarya ta danne gefe. Inda bargo ya yi ƙaranci, gidan sauron da aka raba kyauta a asibiti yakan shiga aikin, yadda ya saba shiga aikin shingen lambu da ragar ƙwallo.

Darasin farko shi ne mallakar fili. Wanda ya riga cewa "nan nawa ne" ya mallaka, sai fa idan wanda ya fi shi ƙarfi ya tuna cewa tun jiya ya sa ido a wurin. Ba a buƙatar takarda, ƙarfin murya ya wadatar. Amma kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, haka duk wani taku na ɗakin yake a hannun Umma, wadda ke iya soke izini ba tare da bayani ba.

Na biyu shi ne rabon aiki. Babban yaya ne ɗan kwangila, aikinsa nuni da yatsa da faɗa. Ƙanne su ne leburori, su ke jan kujera, su ke satar filo daga gadon Baba. Ana biyan su da alkawarin alawa, wanda har ginin ya rushe ba a cikawa. Ɗan auta kuwa mai gadi ne, muƙamin da aka ƙirƙira don kada ya shiga ciki.

Da zarar an ɗora rufi sai batun haya ya taso. Maginan da suka yi gumi sukan tarar da "ba shiga" a bakin ƙofa. Mai son zama sai ya biya da ƙuli-ƙuli ko biskit, kuma na shekara ake karɓa gaba ɗaya, ko da yake ginin bai taɓa kwana biyu a tsaye ba. Ba a rasa dillali, yaron da bai ɗauki ko filo ba amma ya san "wanda za a gani". La'adarsa gatsa ɗaya ce, sai dai shi ke auna girman gatsar. Mai riƙe da tocila shi ne kamfanin lantarki. Yana ɗauke wuta sa'ad da ya ga dama, ya kuma nemi kuɗin hasken da ba a gani ba.

Rushewa wani ɓangare ne na manhajar. Takan faru ne idan mutum bakwai suka cusa kai a ɗakin mutum uku, ko ɗan kwangila ya karkatar da kujera ɗaya zuwa wani aikin nasa. Nan take akan kafa kwamitin bincike ƙarƙashin shugabancin ɗan kwangilar. Binciken kan gano cewa laifin na jaririn da ke rarrafe ne, tunda shi kaɗai ne bai iya magana ba.

Darasin ƙarshe shi ne rusau. Yakan zo ne lokacin da Umma ta gane cewa labulen ƙofar atamfar lefenta ce, wadda ita kanta ba ta ɗaura ba tukuna. Wa'adin tashi shi ne "kafin in ƙirga uku", kuma babu diyya. Akan ɗaukaka ƙara gun Kaka, wadda ke yanke hukunci cewa yara na da gaskiya bayan an riga an naɗe bargon. Kashegari akan sake ginin a daidai wurin da aka rushe shi, da kayan da aka hana taɓawa, a hannun ɗan kwangilar jiya.