Jinjina ga Ogan da Ya Fi Ƙarfin Awo

Akwai wani bawan Allah da ƙasar nan ta daɗe tana tauye wa haƙƙi, kuma lokaci ya yi da za a fito a yaba masa. Shi ne ogan garejin da ke ƙara wa mota wuta. Ka kawo masa lafiyayyiyar Golf 4 mai injin 1.8T, wadda Jamusawa suka tsayar a ƙarfin doki 150 saboda rowa irin tasu, ka ce kana so ta riƙa tsere da iska a hanyar Kano zuwa Zariya. Ba zai ɓata maka lokaci da tambayoyi ba. Zai shafa bonet, ya ɗaga kai sama, ya ce, "Alhaji, turbo za mu canza." Gwani ke nan. Tun kafin a buɗe injin an gama bincike.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne yadda yake gane turbo. Masu ƙaramin sani sukan sunkuya su nemi ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya manna a jikinta, su goge baƙin mai, su karanta lamba. Suna cewa wai turbo ta kamfanin KKK na Jamus, wanda yanzu yake hannun BorgWarner, idan lambarta ta fara da 5303 to K03 ce, irin wadda motar ta zo da ita, idan kuma 5304 ce to K04 ce, yayarta. In farantin ya ɓace, sai su kwance baki su auna faɗin farfelar ciki da ma'auni, milimita bayan milimita, domin daga waje akwai masu kama da juna sosai. Wahalar banza! Oga ɗaga ta kawai yake yi a hannu, ya jijjiga, ya ji nauyi, ya ce, "Wannan babba ce, 'yar Beljiyam." Idan babu faranti a jiki ma ya fi so, don lamba takan jawo gardama tsakanin mutum da kwastomansa. Da haka Alhaji ya biya kuɗin K04, aka kwance masa K03 mai lafiya, aka ɗaura masa wata K03 da ta riga ta gama aikinta a Turai. Ko ba komai an yi canji, kuma canji aka biya.

Wani lokacin kuma sa'a takan gifta a samo babbar ta gaskiya, ko ma wadda aka ciro daga babbar mota mai shan gas. A nan ne baiwar Oga take fitowa fili. Hayaƙin injin ne ke juya turbo, tun daga lokacin da Alfred Büchi, injiniyan ƙasar Suwizalan, ya yi rajistar dabarar a 1905. Ƙaramin injin ba shi da hayaƙin da zai tayar da ƙatuwar farfela sai ya yi gudu sosai, don haka Alhaji zai taka totur a danja ya ga mai Keke Napep ya wuce shi yana waiwaye. Wannan ba aibi ba ne. Haƙuri ake koya wa direba, kuma babu makarantar tuƙin da ke koyar da shi a kan wannan farashi.

Su masu ƙera Audi TT mai doki 225, da suka sa K04 a kan wannan injin ɗin dai, sai da suka haɗa ta da intakula biyu masu sanyaya iska, da manyan nozul na fesa mai, suka kuma sake rubuta lissafin kwamfutar mota. Almubazzaranci. Oga ya bar birenbos, wato kwamfutar, yadda yake, ya bar nozul, ya bar famfon mai da ya tsufa. Kwamfutar ta ga iska ta wuce abin da aka gaya mata, ko ta ji injin yana ƙwanƙwasa saboda zafin watan Afrilu da ƙarancin mai, sai ta ja wutar fulogi baya, ta rage matsin iska don ta ceci fistin. Mota ta koma tafiyar hawainiya, fitilar gargaɗi ta kama. Da wani ne, da ya ɗauko sikana ya karanta abin da motar ke kuka da shi. Oga mutum ne mai kare sirrin kwastoma: ya manna baƙin salatif a kan fitilar, hankalin kowa ya kwanta.

Ranar da Alhaji ya dawo yana cewa, "Oga, motar nan fa ta fi da mutuwa," za ka ga natsuwar manya. Akwai abubuwan da yaran zamani ke bi ɗaya bayan ɗaya. Su sa agogon awon matsin iska su ga ko turbo tana turawa. Su toshe bututu, su hura iska, su yayyafa ruwan sabulu a kan tiyo da kilif, inda kumfa ya tashi nan iskar ke zurarewa. Su duba sandar ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi, domin in ta saki ko ta maƙale a buɗe, hayaƙi zai bi ta gefe ya bar farfela tana hamma. Su duba bawul N75 da ke sarrafa ƙofar, da robar bawul ɗin da ke mayar da iska, wadda takan yage, da na'urar auna iska da ƙurar hunturu ke dasashewa, da indomin salansa in ya toshe. Mafi yawan wannan aikin na yini ɗaya ne, wani ma kilif ɗin tiyo ne kawai za a ɗaure. To ina mutuncin sana'a in aka sallami Alhaji da kuɗin kilif? Oga ya san darajar kansa. Ya canza fulogi. Da ba ta yi ba ya canza kwayil. Ya fasa indomi ya ajiye a shago, don kada nauyinsa ya dami motar. Tiyon da ya tsage a ƙarƙashin injin kuwa yana nan yana busa, Alhaji yana jin fito yana murmushi, domin an gaya masa kukan turbo ne.

Kada a manta da tausayinsa ga aljihun talaka. Sandar turbo tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti ɗaya, a kan siririn baƙin mai, cikin zafin da ke sa ƙarfe ya yi ja. Littafin mota ya nemi mai na musamman. Oga ya aiki yaro bakin titi ya auno na galan, ya mayar da tsohon bututun mai da ya cushe da dauɗa, ya rantse wa Alhaji cewa injin Bature ba ya zaɓen abinci. Da shuɗin hayaƙi ya fara bin motar a baya, ya ce sabon abu ne yake zama. Da ta fara shan lita a mako, ya ce alamar ƙarfi ce.

Da motar ta tsaya cak a Kwanar Dangora aka jawo ta da igiya, Oga bai yi fushi ba, bai kuma ce laifin kowa ba ne sai na man gidan mai da ƙafar direba. Ya leƙa, ya girgiza kai cikin alhini, ya ce akwai wani injin da ya gani a Kofar Ruwa, ɗan Beljiyam, da turbo ɗinsa a jiki. Ya ce babba ce, ya ɗaga ta da hannunsa. Alhaji ya tambayi nawa ne kafin alƙalami.