Kwale-kwale a Tsakiyar Sabon Gari

Zariya ta san jirgin ƙasa tun farkon zamanin Turawa, a gefen tasharsa ma Sabon Gari ya tsiro. Ta san jirgin sama, domin tun 1964 akwai kwalejin koyon tuƙinsa, ɗalibai na ta shawagi a kan Palladan da Samaru har yara sun daina ɗaga kai. Amma ka shiga kasuwa ka ce kana neman mai gyaran jirgin ruwa, sai a tambaye ka ko lafiyarka ƙalau, sannan a kwatanta maka hanyar Yawuri.

Ni kiwon kaji nake yi a Shika, 'yan ƙwai, irin ShikaBrown ɗin nan da cibiyar NAPRI ta fitar. Ban taɓa riƙe filafili ba, ko iyo ban iya ba. Bashi ne ya haɗa ni da jirgi. Wani masunci da ke su a kogin Galma ya ranci kuɗi a wurina zai sayi koma, kifi ya yi ƙaranci, ya tattara iyalinsa ya yi yamma. Saƙon da ya bar mini shi ne in je bakin ruwa in ɗauki kwale-kwalensa a madadin kuɗina. Na ce da babu gara ba daɗi. Na je na tarar da shi a kife, rana ta busar da shi, tsakanin katako da katako kana hango ciyawa.

Aka ɗora shi a a-kori-kura, rabinsa na reto a waje da jan ƙyalle a hanci, aka sauke a filin wani kafinta a Sabon Gari. Mutumin gadaje da ƙofofi yake yi. Ya zagaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Alhaji, maɗaci ne, katako mai kyau. Ai duk katako katako ne, za mu yi."

Matsalar kwana ta taso ne a yammacin ranar. Baba maigadi ya ce shi gadaje da ƙofofi aka ɗauke shi ya tsare, jirgi ba ya cikin lissafi, sai da ƙarin kuɗi. Kafinta ya ce in an bar shi haka, 'yan jari-bola za su zare ƙusoshin, masu ƙosai kuma su raba katakon kafin asuba. Ni kuma na yi lissafin kuɗin mota daga Shika, a bi Samaru, a wuce Kwangila, kullum zuwa da dawowa, ga shi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobi sun daina jin "don Allah". Sai na kira uwargida na ce ta kula da kaji, ni zan kwana a jirgi. Ta yi shiru, ta ce, "Malam, wane ruwan?" Na ce babu ruwa, bayan kasuwa ne. Ta ce Allah ya ba da lafiya, ta kashe waya.

Da rana aiki muke yi, kuma ba mu rasa masana ba. Mai shayi ya ce a shafe shi da siminti. Wani malami daga Samaru ya tsaya da babur ya yi mana bayanin yadda nauyin ruwan da jirgi ya ture ke ɗaga shi sama, ya tafi bai taɓa guduma ba. Wanda ya san abin shi ne wani dattijo Banufe mai sayar da busasshen kifi. Shi ya nuna mana a kankare tsohuwar kwalta, a murɗa auduga a dinga cusa ta cikin tsagar da bakin ƙarfe, a narka sabuwar kwalta a gwangwani a zuba, a rufe manyan tsagogi da yankan kwano da ƙananan ƙusoshi. Auduga kuwa ba ta yi wuya ba a ƙasar da aka fara binciken noma a Samaru tun 1922. Da zai tafi ya ce, "Ɗana, rana ce ke kashe jirgi. Katako in ya sha ruwa kumbura yake yi ya matse kansa. Ku hanzarta ku kai shi ruwa." Kafinta ya ce sai an biya shi cikon kuɗinsa tukuna.

Wanda ya ƙera kwale-kwale bai yi shi don barci ba. Akwai katakai da aka gicciya a cikinsa don su riƙe gefe da gefe, kuma duk yadda ka kwanta sai ɗaya ya sami ƙugunka, ɗaya ya sami wuyanka. Ƙasansa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, in ka juya dama sai duk jirgin ya bi ka. Sauron kwatar da ke gangarawa Kubanni ya gano ni tun daren farko. Na ɗaura gidan sauro daga hancin jirgi zuwa reshen darbejiya, sai ga wata runduna da gidan sauro bai dame ta ba: ƙarnin kifin shekaru ya jiƙa katakon, kuma babu kyanwar da ta rage a unguwar ba ta zo gaisuwa ba. Wata ma a kan ƙirjina ta yanke shawarar kwana. Kwaltar da muka zuba da yamma kuwa ba ta gama bushewa ba, da safe sai da yaron kafinta ya taimaka aka raba ni da tabarma.

A jikin filin namu akwai wani kafintan, shi akwatunan gawa yake yi wa Kiristocin unguwar, yana jera su a bakin hanya. Wata asuba sanyi ya sauko, na lulluɓa da farin mayafi har ka. Ladan ya yi kira, na yunƙura na tashi zaune daga cikin dogon katako, a daidai lokacin da wani ɗan acaɓa ya tsaya kama ruwa. Fitilar babur ɗinsa ta haske ni. Na yi masa sallama don ya kwantar da hankalinsa, sallamar ce ma ta ƙarasa shi. Ya bar babur a kunne da takalmi ƙafa ɗaya. Da gari ya waye ya dawo da mutane da wani malami, suka tarar da ni ina shan koko. Daga ranar Baba maigadi ya daina fargabar ɓarayi, domin ko da rana mutane tsallaka titi suke yi in sun zo wajen.

Watan Agusta ne, watan da Zariya ke samun kaso mafi tsoka na ruwan sama kimanin milimita 1,000 da take samu a shekara. Daren da muka buga ƙusa ta ƙarshe hadari ya haɗo daga gabas. Na ja tamfol na rufe jirgin, na danne da duwatsu, na kwanta ina jin daɗin ƙarar ruwa. Iska ta ɗauke tamfol ɗin ban sani ba. Jirgin kuma an ajiye shi daidai inda indararon shagon kafinta ke zuba. Na yi mafarki ina wanka a rafi, na farka na tarar ruwa ya kai kunnena, takalmana da buta da ragowar burodi suna yawo a gefena, ni kuma ina tsakiya kamar tsakin da aka jiƙa wa kaji. Duk filin ruwa ya bi kwata ya wuce, ƙasa har ta fara tsanewa. A Sabon Gari kaf, inda ruwa ya taru ya tsaya shi ne inda nake kwance.

Kafinta ya iso da sassafe, ya same ni ina karkarwa a bakin murhun mai shayi. Bai ce mini sannu ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin jirgin, ya shafa ƙasa da hannu, ya miƙe yana murna. "Alhaji, ko ɗigo! Zo ka gani, ba ya yoyo!" Ya kira maƙwabta shaida. Dattijon Banufe ya zo ya duba, ya ce katako ya kumbura yadda ake so, a bar ruwan a ciki ya ƙara kwana. Na tambaya ni kuma ina zan kwana. Ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Zazzaɓi ya kwantar da ni a gida, kuɗin allura ya hau kan kuɗin kafinta da na kwalta da na a-kori-kura. Na aika cigiyar mai saye a bakin Galma, masunta suka ce kowa na da nasa, kifin ne babu. Ana nan sai wani mai kiwon shanun turka a bayan Shika ya ji labarin jirgin da ke riƙe ruwa kwana da kwanaki. Ya zo ya auna tsawonsa da taku, ya ce bijimai takwas za su sha a lokaci ɗaya ba tare da sun tunkuyi juna ba. Ya taya, na sallama tun bai rufe baki ba.

Yanzu haka jirgin na ƙarƙashin wata ɗorawa, ana cika shi safe da yamma. Jiya mai shanun ya aiko yaronsa da ƙwaryar nono, wai a gaishe ni, kuma maƙwabcinsa na tambaya ko zan ƙera masa irinsa.