Yadda Za Ka Sha Tanjalon Gidanka Kafin Akuya Ta Riga Ka

Kai mutumin Rano ko Kibiya, in ka gaji da jiran motocin Binuwai su sauke lemo a kasuwar 'Yan Lemo kafin bakinka ya ji zaƙi, to gyara zama.

Na ɗaya, san baƙon da za ka sauka. Tanjalo ɗan gida biyu ne, tanjirin da garehul, kuma a Fulorida ta Amurka aka fara haɗa su a 1897. Kada ka sha lemo ka binne ƙwallon kana jiran arziki; ƙaya za ka samu da shekaru bakwai na haƙuri. Nemi dashe mai aure, wato reshen tanjalo da aka ɗaura a kan gindin lemo mai tsami, shi ne kan haihu cikin shekara 3 zuwa 4. Bagauda ba nisa, can akwai reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, ka je ka yi tambaya.

Na biyu, rami. Da damina ta kankama a watan Yuni, haƙa kamu ɗaya zurfi, kamu ɗaya faɗi, nesa da katanga. Cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanye, don yana ƙone saiwa. Gaɓar auren ta zauna a saman ƙasa. Duk tohon da ya fito a ƙarƙashinta, fizge shi ba tausayi, in ba haka ba tsami zai ƙwace gidan.

Na uku, akuya. Ranar da ka dasa, ranar take samun labari. Kewaye shi da bulo ko waya tun kafin ka wanke hannu, domin akuyar maƙwabci ba ta san sulhu ba. Gara kuwa ta ƙasa take zuwa, sai ka riƙa duba gindi, ka hana busasshen kara jingina da shi.

Na huɗu, ruwa. Kusancinka da madatsar Tiga ba zai shayar da shi ba. Daga hunturu har bazara, ba shi bokiti biyu, sau biyu a mako, da yamma. Ka roƙi uwargida da ladabi kada a juye masa ruwan wanki, sabulu ba abincinsa ba ne.

Na biyar, girbi. Kada ka jira ya yi ja. A zafin ƙasarmu lemo kan nuna yana kore shar. Tsinki ɗaya ka ɗanɗana. Za ka ga yaran unguwa sun fara gaishe ka sau uku a yini, surukai sun tuna hanyar gidanka. Amsa gaisuwar, ka cika kwarya ka aika gida-gida. Yaron da ya sha lemonka a fili shi zai kore maka akuya baɗi, har ya roƙi babansa a dasa nasu.