Laburare Muka Ce, Ba Lebura Ba

Kwalin na taliya ne, amma littattafai ne a ciki. Sai da na maimaita wa ɗan kamasho wannan magana sau uku a tashar Anka kafin ya yarda ya kwance shi daga saman mota, inda ya ɗaure shi tsakanin buhun gero da wata akuya mai kallonsa da sha'awa. Ya ce kaya dai kaya ne. Na ce wannan ilimi ne, a cinyata zai zauna. Ya ɗaga kwalin ya jinjina, ya ce to ilimin ya fi geron nauyi, sai na ƙara ɗari biyu.

Mu uku ne a tafiyar. Ni, malamin firamare mai ritaya, ni ne shugaba. Sakatarenmu tsohon ma'aikacin gidan waya ne daga Bukkuyum, mutumin da ba ya fita sai da biro uku a aljihu. Ma'aji kuwa tsohon malamin gona ne daga Gummi, wanda aka damƙa wa asusun da ba a taɓa sa masa ko kwabo ba, amma kullum da jakarsa a hammata. A layin tantance 'yan fansho muka haɗu, wurin da mutum ke samun lokacin yin tunani mai zurfi. Kafin layi ya zo kanmu mun kafa kwamiti, mun raba muƙamai, mun yanke shawarar cewa garuruwanmu uku sai sun samu laburaren da kowane yaro zai shiga ya zauna ya karanta, ba tare da an tambaye shi ɗan wane ne ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Majalisar dokokin Zamfara kujeru 24 gare ta, biyar daga ciki namu ne: Anka ɗaya, Bukkuyum biyu, Gummi biyu. Muka ce mu bi su gida lokacin hutun majalisa, don a Gusau kafin ka ga Honarabul sai ka ga mai gadinsa, da yaronsa, da yaron yaronsa. Ba zan faɗi wanda muka gani a wane gari ba. Ina da 'ya'ya masu neman aiki.

Na kwana bakwai ina rubuta jawabi, shafi goma sha ɗaya. Na faro daga Dutsi, na bi ta Birnin Zamfara, na kawo yadda Gobirawa suka ci birnin, har sarauta ta zo ta zauna a Anka. Na saka labarin Bajamushen nan Kurt Krieger, wanda ya tattara tarihin sarakunanmu aka buga shi a Berlin a 1959, da Jamusanci, ta yadda ɗan Jamus zai ɗauko tarihin Zamfara a kanta, jikan Zamfarawa kuwa sai dai ya ji a bakin maroƙi. Na saka Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa, aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987. A shafi na tara na ajiye wasa gefe: 2010, gubar dalma, Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, yara wajen 400 suka rasu. Iyaye suna daka dutsen zinariya a turmin da ake daka hatsi, ba don rashin son 'ya'yansu ba, sai don babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin ƙurar, alhali a rubuce yake a littattafai tun kafin a haife su. Duk lokacin da na karanta wa mai ɗakina wannan shafi sai ta yi shiru. Sauran goman kuwa barci take yi.

Gida na farko mun isa da hantsi, don hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako ba a kuma yi mata yamma. Zaure cike da jama'a. Can a kan kujerar roba ga wani mutum ya sha shadda fara mai ƙyalli, ga hula zanna, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ban tsaya tambaya ba. Na tuɓe takalmi, na durƙusa, na ce ranka ya daɗe, na warware takarda. Mutumin kirki ne ƙwarai. Ya saurare ni daga Dutsi har Berlin, yana gyaɗa kai, wani wuri ma ya ce "Allahu Akbar". Sakatare yana ta ja mini riga, ni kuwa na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi, sai na ƙara murya. Da na kai aya, mutumin ya numfasa ya ce:

"Wallahi Baba ka yi magana. In maigida yat tashi barci, ni ka hwaɗa mai da kaina."

Direba ne. Shaddar kwancen maigidan ce. Har yau ban samu wanda ya saurare ni kamarsa ba, kuma da zai tsaya takara da ƙuri'ata tasa ce.

A gida na biyu muka ce ba za a sake ba. Muka tambaya, aka nuna mana wani saurayi mai littafin rubuta buƙatu. Ya dube mu ya ce, "Mi ag buƙata?" Waɗanda ke gabanmu na ji abin da suka nema: rijiyar burtsatse, taransifoma, taki, keken ɗinki, kuɗin suna. Na gyara murya na ce laburare.

"Guda nawa?"

"Uku. Kowane gari ɗaya."

Ya ɗago kai da mamaki. Ya ce mu ne mutane masu wadatar zuci na farko da ya gani tun safe, wasu hamsin suke kawowa. Ya tambaya ko masu ƙarfi ne. Ma'aji ya ce in dai an yi su da bulo mai kyau za su shekara ɗari. Yaron ya yi dariya, ya ce Baba akwai ban dariya, ya rubuta. Muka fito muna taya juna murna, sakatare har yana cewa ashe abin ba wuya, tsoro ne kawai ke hana mutane.

Labari ya riga ni isa gida. Washegari ina lazimi bayan asuba, mai ɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, fito ga ma'aikatanka." Na fita na tarar da samari sun fi ashirin a ƙofar gida, wannan da shebur, wannan da diga, wani har da kwanon kwaɓa siminti a ka. Sun ji an ce Malam ya samo gurbin leburori wajen Honarabul. Na yi bayani har rana ta ɗaga, na ce gidan littattafai nake nufi. Wani ya ce to ai shi ma gidan sai an gina shi, a rubuta sunansa. Wani ɗan ƙanena, wanda na yi wa huɗuba da bakina, ya ce in na riga na sayar da guraben ne in faɗi gaskiya. Sai da aka dama musu kunu suka watse, kuma har yanzu akwai gidan da ba a amsa gaisuwata da kyau.

Daga nan muka saki kalmar, muka koma cewa ɗakin karatu. A gida na uku aka ɗauka aji muke nufi, aka tambaye mu sunan hedimasta. A na huɗu an yi tafiya.

Na biyar shi ne ya fito da kansa. Yana ganina ya cire tabarau, ya rusuna har ƙasa, ya ce, "Malam! Ba ka gane ni ba?" Ɗalibina ne na aji shida. Ya kama hannuna ya kai ni falo, aka kawo fura mai sanyi, ya hana kowa shigowa. Na ce yau ga ranar jawabi. Ban kai Birnin Zamfara ba ya ɗaga hannu cikin ladabi.

"Malam, na yarda. Nawa ne?"

Na dubi sakatare. Sakatare ya dubi ma'aji. Ma'aji ya buɗe jakarsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya leƙa ciki, ya rufe.

Shafi goma sha ɗaya, babu lamba ko ɗaya mai alamar naira a gabanta. Ya ci gaba da tambaya, a hankali, kamar yadda nake yi musu a jarrabawar baka. Akwai fili ko tsohon gini? Wa zai riƙe makulli, wa zai biya shi albashi, jiha ko ƙaramar hukuma? Wuta fa, sola za a sa? Littafi nawa, na Hausa nawa, na Larabci nawa, na masu shirin WAEC da JAMB nawa? Mata da rana za su zo ko a ware musu lokaci? Sannan ya koya mini abin da ya kamata in sani: majalisa ba ta gini. Gwamna ke kawo kasafin kuɗi wajen ƙarshen shekara, kwamitoci su zauna da ma'aikatu, a nan ne ɗan majalisa zai iya cusa layi ɗaya, in yana da takarda mai lissafi a hannu. Kasafin bana kuwa an riga an sa masa hannu. Mun zo da shuka bayan an yi girbi.

Don in ceci mutuncina na jawo kwalin taliya. Na ce ga gudummawata, littattafai na shekara talatin, da su za a fara. Na yanke igiya. Na sama lafiya lau. Na ƙasa gara ta yi musu karatun tsanaki, ta gina ɗakuna da lunguna, har da 'yan ƙasa a kan kafet ɗin mutane. Ya yi kamar bai gani ba. Ya miƙa hannu ya ɗauko ɗaya mai lafiya, Magana Jari Ce na biyu, bango ya yi laushi kamar tsumma. Ya buɗe shafin farko, sai ya yi shiru.

Hatimin makarantarmu ne, shuɗi, ya dushe amma yana karantuwa. A ƙarƙashinsa ga jerin masu aro da rubutun hannuna. Suna na ƙarshe nasa ne.

"Malam," ya ce, muryarsa ta koma ta ɗan aji shida, "wanga littahi ne. Na hwaɗa maka na maido shi, hannunka nib ba ka bakin ofis. Kac ce ƙarya nika yi. Bulala shidda, gaban asambuli. Babana yas sai da zakara yab biya."

Sakatare ya sunkuyar da kai, amma na ga ya zaro biro, don shi komai sai ya shiga minti. Ma'aji ya tambaya, wai don a san inda aka tsaya, nawa ne tarar jinkiri a lokacin. Na ce kwabo biyar a mako, ni na sa dokar. Suka duƙufa su biyu suna lissafi a bayan jawabina, lambar kuɗi ta farko ke nan da ta hau takardar.

Honarabul ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce ya yafe bulalar, amma zakaran na mahaifinsa ne, sai a je a nemi magada. Ya ce mu dawo da takarda shafi ɗaya, mai lissafi, kafin kaka. Ya raka mu har mota, ya biya kuɗin kujera huɗu, uku namu, ɗaya na kwali. Littafin kuwa ya riƙe, ya ce bai ƙarasa shi ba wancan karon. Sakatare ya sa shi ya sa hannu, ya ba shi mako biyu.

Da na isa gida na ba mai ɗakina labari, ban ɓoye komai ba. Ba ta ce uffan ba. Ta shiga ɗaki ta jawo tsohuwar adakata daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta fara fito da littattafai tana duba shafin farko, tana ware masu shuɗin hatimi gefe guda. Da na je masallaci na dawo ta kai goma sha huɗu.