Bazazzage ya tale wa motarsa ƙafa

Malam Bazazzage, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka zo Kano ka durƙusa ka gaida iyayen gidanka. Labari ya iso mana cewa Nissan 350Z ɗin nan da ka sayo ta hannu, wadda ta hana unguwarku barci, ka cire mata ƙafafun kamfani ka ɗaura wasu masu faɗin inci 10 da rabi. Da suka ƙi zama, suna gogar ƙarfe ta ciki, sai ka sa aka cusa sifesa tsakanin wili da mazauninsa. Yanzu ga tayoyi sun leƙo waje, mota na tafiya a tale kamar agwagwar da ta ƙoshi.

To, ku da kuka ishe mu da tinƙahon jami'a a Samaru, duk garin an rasa mai awo? Mutanen Japan da suka fito da motar nan a 2002 ba da ka suka yi aiki ba. Kowace ƙafa ƙusa biyar suka ba ta, a da'irar milimita 114.3, ramin tsakiya kuma 66.1. A kan wannan ƙoƙon na tsakiya wili yake zama daram. Naka sifesan, da aka ce wani mai walda ne ya yanko maka shi, ba shi da leɓen da zai riƙe wilin. Shi ya sa da ka taɓa 100 a hanyar Kaduna sitiyari ke kama makyarkyata, kai kuma kana ce wa abokai ai ƙarfin inji ne.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne notuna. Kaurin ƙusar milimita 12 ne, kuma ƙa'idar makanikai ita ce noti ya ci aƙalla kwatankwacin haka. Ka ɗora faifai mai kauri a kan ƙusoshin asali, me ya rage wa notin ya kama? Ko dai ka sa dogayen ƙusoshi, ko ka nemo sifesa mai zuwa da nasa ƙusoshin, irin na milimita 20 ko 25. A ɗaure da sifana mai awon ƙarfi, ba yaron gareji ya hau kai yana tsalle ba, a kuma sake dubawa bayan kilomita 100. Ba na so in ji an ce tayarka ta riga ka isa Kwangila.

Batun boris kuwa, mu gaba ta kai mu. Duk yadda ka tura taya waje, haka nauyi ke ƙara danne shi, ya soma kuka tun kwanansa bai ƙare ba. Ina kuma za ka sayi sabo in ba a Ƙofar Ruwa ta nan Kano ba? Madigat ma na ji yana yankar gefen taya duk ramin da ka faɗa, ramuka kuwa ba a ba ku labari. Bari damina ta sauka ka ga yadda za ka yi wa ƙofofinka yaɓe da kanka.

A Jamus, sai masu gwajin mota irin su TÜV sun yarda da irin wannan kwaskwarima. Kai kuwa shaidarka kawai ita ce samarin PZ sun yi maka tafi.

Kawo ta Kano a gyara maka, amma a ɗoro ta a bayan babbar mota, kada ka tuƙo. Ka taho da kuɗin aiki a hannu, don Bazazzage ba ma ba shi bashi.