Gizo da Wasiƙar Jabu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wani gari ne a cikin hancin wani yaro mai kiwon awaki a Kusada. Ido ba ya ganinsa sai da madubin likita, irin wanda ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya ke leƙawa, su kuma ƙwayar halitta suke ce masa. Tun 1665 wani mutumin Ingila, Robert Hooke, ya hango ganuwar irin waɗannan garuruwa a ɓawon itace, amma kufai ya tarar, mazauna sun daɗe da mutuwa.

Zaki ne sarki. Fadarsa, nukiliyas, katanga biyu ce ta kewaye ta, a ciki kuwa kundi 46 ne na DNA, 23 gadon uwa, 23 gadon uba. Kundi ba ya fita waje. In gari na bukatar wani abu, sai a kwafi shafin a 'yar takarda, a miƙo ta taga. Tururuwa, da malamai ke kira ribosom, su ke karɓa. Harafi uku-uku suke karantawa, suna zura duwatsu iri 20 a zare har furotin ya samu. Ga ƙwazo, ga biyayya, sai dai ba a taɓa jin sun tambayi wanda ya rubuto takarda ba.

Daga hannunsu kaya kan bi lunguna su isa rumfar Buzuzu, ya dunƙule, ya sa alama, ya mirgina kowane ƙulli inda aka nufa da shi. Rumfar ta ci sunan Camillo Golgi, likitan Italiya da ya gano ta a 1898. Jaki na can gefe yana ƙona sukari da iskar numfashi, yana raba wa kowa ƙarfi. Shi ne mitokondiriya, daga ɗakin uwa kaɗai ake gadonsa, ba kuma mai ce masa sannu. Ungulu, laisosom, ita ke cinye shara da mushe. Kunkuru na tsaron ganuwa, ba mai shiga sai da makulli.

To, Gizo, wanda malamai ke kira bairus, ba shi da gona, ba shi da murhu. Dukiyarsa riga ɗaya ce da wasiƙa ɗaya. Ranan nan Ƙoƙi ta ce, "Maigida, kowa na haihuwa, mu shiru?" Ya ce, "Bari hunturu ya shigo, wasu za su haifa mana."

Hunturu ya shigo. Yaro ya kora awaki kasuwar Kankiya, wani dillali ya yi atishawa bai rufe baki ba, Gizo ya hau ɗigon majina sai bakin ganuwa.

"Salamu alaikum, Baba Kunkuru."

"Wa alaikumus salam. Daga ina, samari?"

"Ranka ya daɗe, saƙo na kawo wa fada."

"Makulli fa?"

Gizo ya miƙa wanda ya sassaƙa, ya zauna a ƙofa daram. Kunkuru ya naɗe shi cikin jaka, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ya tura ciki. Ungulu ta hango jaka ta sauko da murna, amma kafin ta iso Gizo ya tuɓe riga ya sulale, ya bar ta tana caccakar tsumma.

Bai ko kalli fada ba. Wurin Tururuwa ya nufa, ya ajiye wasiƙa, ya ce, "Daga Mai Martaba." Suka duƙufa. Abu na farko da suka ƙera almakashi ne, da shi Gizo ya datse hanyar saƙon fada. Zaki na ta rubutu, ba mai karɓa. Tururuwa kuwa sai ɗinka riguna suke, ana ta kwafar wasiƙa ana cusawa ciki, Jaki na hura wuta har ya jiƙe da gumi bai san wa yake yi wa bauta ba. Kafin gari ya waye, 'ya'yan Gizo dubbai sun cika ko'ina.

Wata tsohuwar Tururuwa ce ta dubi ɗinkin hannunta ta ce, "Anya wannan na Sarki ne?" Aka kai kuka fada. Zaki ya ga gari ya riga ya ci wuta, sai ya sa aka buga kuge don maƙwabta su ji, su kulle rumfunansu. Dakarun jini suka iso, hanci ya kumbura, majina ta ɓalle, yaro ya kwanta da mura.

Uwar yaron ta sayo kafso mai ja da rawaya a kemis. Asarar kuɗi ce, don maganin bakteriya ne, Gizo kuwa ba bakteriya ba ne. Ruwan ɗumi, kunu da barci ne suka yi aiki, bayan mako guda yaro ya koma kiwo.

Dakaru sun haddace rigar Gizo, ba zai sake shiga da ita ba. Amma Ƙoƙi na da wasu fiye da 100 a adaka, shi kuma tuni ya bi atishawa ya faɗa motar Katsina.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.